Ba a Cinikin Biri a Sama: Katsina United da Ɗaukar 'Yan Wasa

Maganar wannan makon ta ƙwallo ce, kuma da gangan muka ɗauko ta. Mu Katsinawa sai mu raba dare a gidan kallo muna musu a kan wanda Arsenal ta saya da wanda Madrid ta sallama, mun san farashinsa, mun san shekarunsa, mun san ƙafar da ya fi bugu da ita. Amma a tambaye mu ta yaya ƙungiyar garinmu ta samo mai tsaron gidanta, wa ya gano shi, wasa nawa aka kalle shi kafin a ba shi riga, sai mu yi tsuru-tsuru. Katsina United ta gwamnatin jiha ce. Asusun da ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, daga nan albashin 'yan wasanta yake fitowa. Saboda haka muna da bakin magana, kuma maganar da za mu yi ita ce: ƙungiya tana faɗuwa ne tun a makonnin da ake ɗaukar 'yan wasa, abin da muke gani a filin Muhammadu Dikko daga baya sakamako ne kawai.

Duk mai bin gasar Firimiyar Najeriya ya san yadda yawancin ƙungiyoyin gwamnati suke yin wannan aiki. Kaka za ta ƙare, a yi shiru. Kuɗi ba su fito ba. Sai ya rage 'yan makonni a fara sabuwa, a sallami tarin 'yan wasa, a kawo sabon koci, shi kuma ya zo da nasa yaran da yake yawo da su daga gari zuwa gari. Daga nan a yi shelar gwaji. Matasa su cika fili tun da asuba, wasu sun kwana a tasha, a raba su goma sha ɗaya goma sha ɗaya, a ba kowane rukuni 'yan mintuna. Wanda ƙwallo ta zo wa sau biyu ya yi yanka mai kyau, an gan shi. Wanda yake tare hanya, yana rufe gurbin da abokinsa ya bari, yana yin aikin da ba ya jawo tafi, ya koma gida. A gefe kuma ga dillalan 'yan wasa da waya a kunne, ga wanda ya zo da saƙon wani babba. Wannan shi ake kira ɗaukar 'yan wasa. Mu dai a wurinmu cinikin biri ne a sama.

Kowane Bakatsine ya san wanda yake shan tsadar rago: mai zuwa kasuwa ranar jajibiri. Ba shi da lokacin zagayawa, ba shi da damar cewa zai dawo gobe, dillali kuma ya karanci haka a fuskarsa. Wanda ya je Mai'aduwa ko Caranci tun da wuri ya sayi 'yan ƙanana guda biyar ya turke, ko ɗaya ya mutu ɗaya ya ƙi ƙiba, shi ne da riba. Ƙungiyoyinmu masu sayen jajibiri ne, kowace shekara, da kuɗin jama'a.

Bari mu leƙa wurin mutanen da suka mayar da wannan aiki ilimi. A Amurka akwai wata ƙwallo da ake rungume ta a ruga, mai kama da zari-ruga, babbar gasarta kuma ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32. Can ba a sakin ƙungiyoyi su yi wawaso a kan sababbin yara. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, ana jera matasan da suka fito daga ƙungiyoyin jami'o'i, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi har zagaye bakwai, a ɗauki yara sama da 250. Wadda ta zo ta ƙarshe a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, zakara kuma ita ce ta ƙarshe a layi. Suna kiran abin diraf. An fara shi a 1936, da shawarar Bert Bell mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, wanda ya gaji da ganin masu kuɗi suna kwashe duk yaran kirki. Wani abin dariya, Jay Berwanger da aka fara zaɓa a tarihin tsarin bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba.

Ba muna cewa a kwaso wannan tsari a dasa a Najeriya ba, don ba zai kama ba. A NFL ba a faɗawa ƙaramar gasa, ko ƙungiya ta sha kashi a duk wasanninta tana nan badi, har da tukuicin zaɓin farko. Mu kuwa ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, huɗun ƙarshe su tafi gasar 'yan dagaji, kamar yadda muka ɗanɗana a 2022 tare da Kano Pillars da Heartland da MFM, kafin mu dawo a 2023. Sannan su suna da wasannin jami'o'i da suke renon yaran, mu ba mu da irinsu. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne abin da suka gano bayan kusan shekara casa'in suna zaɓe suna ajiye lissafin wanda ya yi kyau da wanda ya lalace.

Abu mafi girma da lissafin ya nuna ba zai yi wa masu cika baki daɗi ba: ido yana ruɗi, har idon gwani. Wasu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen na shekaru masu yawa. Suka yi wata tambaya mai sauƙi: idan ƙungiya ta zaɓi ɗan wasa, sau nawa yake fin wanda aka ɗauka bayansa a irin gurbinsa? Amsar ita ce kusan kashi 52 cikin 100. Wato da kaɗan abin ya fi jefa kwabo sama. A lura, waɗannan ƙungiyoyi ne masu ma'aikata na musamman da suke yini suna kallon bidiyon yaro ɗaya, suna tara yaran a birnin Indianapolis a auna gudunsu da tsallensu, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa, a zaunar da su a yi musu tambayoyi. Da duk wannan, rabi da rabi ne. To ina ga mai tsayawa a bakin layi da hula a goshi yana cewa shi da ganin yadda yaro ya tare ƙwallo ya san ɗan wasa?

Misalan sun cika littafi. A 2007 Oakland Raiders ta yi zaɓin farko gaba ɗaya, ta ɗauki JaMarcus Russell, ƙato mai ƙarfin hannu da kowa ya yaba, ta ba shi kwantiragin da sama da dala miliyan 30 a cikinsa tabbatattu ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Kaka uku ya yi aka sallame shi. A 2000 kuwa wani siririn yaro mai suna Tom Brady, wanda ya yi nawa a gwajin gudu, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin New England Patriots ta kira sunansa a zagaye na shida. Mutum shida masu irin gurbinsa aka fifita a kansa. Ya gama wasa da kofin Super Bowl guda bakwai, adadin da babu wata ƙungiya ma da ta kai. A 2022 Brock Purdy ne na ƙarshe ƙaf, na 262, bai cika shekara biyu ba ya ja San Francisco 49ers zuwa wasan ƙarshe.

In dai haka abin yake, me mai hankali zai yi? Zai daina zuba duk jarinsa a kan mutum ɗaya, ya yawaita ƙofofin sa'a. Ƙungiyoyi biyu sun nuna mana bakin zaren daga gefe biyu. A 1999 kocin New Orleans Saints, Mike Ditka, ya ƙwallafa rai a kan wani ɗan wasa Ricky Williams, ya ba Washington duk zaɓukan ƙungiyarsa na shekarar, ya ƙara da biyu na shekara mai zuwa, don kawai ya same shi. Suka ci wasa 3 suka faɗi 13, aka kori Ditka. Shekara goma kafin nan, a 1989, Jimmy Johnson na Dallas Cowboys ya yi akasin haka: ya ba Minnesota Vikings tauraronsa guda ɗaya tilo, Herschel Walker, ya karɓi tarin zaɓuka. Magoya baya suka yi ta tsine masa, ƙungiyar ta ci wasa ɗaya tak a kakar. Da waɗannan zaɓuka ya tara yaran da suka ɗauki kofi sau uku tsakanin 1993 da 1996.

Mu dawo gida. Duk lokacin da ƙungiyar jiha ta ɗauki kuɗin da zai riƙe yara shida 'yan shekara 17 da 18, ta ba tsohon ɗan wasa guda da ya zagaye ƙungiyoyi bakwai don kawai an san sunansa, aikin Ditka ta yi. Zai zo ya yi kaka ɗaya, in ya yi kyau wata ƙungiyar ta ƙara masa kuɗi ya tafi ba mu samu ko sisi ba tunda kwantiragin shekara ɗaya ne, in ya ji rauni mu yi jinya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma ga wani abu da ya kamata ya hana shugabannin ƙungiyarmu barci. A Amurka sai ƙungiya ta zo ta ƙarshe kafin ta samu zaɓin farko, shi ma sau ɗaya a kowane zagaye. Katsina United tana zaune a jiha mai ƙananan hukumomi 34 da miliyoyin matasa, ita ce babbar ƙungiyar da duk yaron da ke buga ƙwallo daga Daura zuwa Funtuwa yake mafarkin sa rigarta. Wato zaɓin farko nata ne, na biyu nata ne, na hamsin ma nata ne, in ta ga dama. Ba ta bukatar ta roƙi kowa. Abin da ake bukata shi ne ta je ta gani. Ana buga gasar unguwanni a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Sabuwar Unguwa da Filin Samji, ana buga kofin ciyaman a Malumfashi da Dutsin-Ma da Kankiya, ana buga kofin ɗan majalisa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Waɗannan su ne jami'o'inmu. Mutum huɗu ko biyar masu babur da littafi da waya mai ɗaukar bidiyo, a raba musu shiyyoyin Katsina da Daura da Funtuwa, aikinsu shekara zagaye shi ne kallon wasa da rubuta rahoto, albashinsu gaba ɗaya ba zai kai abin da ake kashewa a kan tauraron aro guda ba. Dokar ta zama ɗaya: ba a ba yaro riga sai mutum biyu daban-daban sun kalle shi a cikakken wasa sau da yawa, a gida da waje, ranar da ƙungiyarsa take ci da ranar da ake cin ta, kuma kowannensu ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu kafin ya ji na ɗan'uwansa.

Sa hannun nan shi ne maganin saƙon babba. Idan kowane ɗan wasa yana da fayil da ke nuna wanda ya kawo shi da dalilinsa, bayan shekara biyu za a buɗe a ga idon wa ke gani, idon wa kuma yake bin aljihu. Yanzu da babu fayil, ɗan wasa in ya yi kyau mutum goma ne suka gano shi, in ya lalace maraya ne.

Akwai yaran da ya kamata a yi maganarsu daban. Matsalar tsaro ta kashe wasanni a ƙauyuka da yawa na yankin Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, iyalai da dama sun dawo cikin birni suna raɓe a gidajen 'yan uwa. 'Ya'yansu suna nan a filayen bayan gari suna buga ƙwallo ba takalmi. Ba su da ejan, ba su da kawu a ma'aikata, ba su da kuɗin fom. Gwajin kwana uku ba zai taɓa tsinto su ba. Mai babur da littafi ne kawai zai iya.

Yanzu ga 'yan uwanmu masu cewa ai maganin abin shi ne a cika ƙungiyar da 'yan asalin jiha, a daina kawo baƙi daga Kudu. Mun ji zafin da ke bayan maganar, amma ba mu tare da ku. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ba ta tare fenareti. Ranar da aka ce gurbi na ɗan jiha ne ko ya iya ko bai iya ba, an buɗe wa saƙon babba ƙofa mafi faɗi, don kowane babba yana da ɗan jiha a gidansa. Kuna yawan kawo misalin Athletic Bilbao ta Sifen, wadda ba ta ɗaukar kowa sai ɗan yankin Basque kuma ba ta taɓa faɗuwa daga La Liga ba tun da aka fara gasar a 1929. Gaskiya ne. Amma ku duba su waye 'yan gidan nata. Inaki Williams da ƙaninsa Nico, waɗanda suka ɗauki kofin Sarki da ita a 2024, iyayensu 'yan Ghana ne. A wurin Bilbao ɗan gida shi ne wanda aka haifa ko aka rena a yankin, kuma tun 1971 take da makarantar renon yara a Lezama. Sun yi shuka kafin su kafa dokar cin na gida. In muna son irin nasu, to yaron da iyayensa suka zo daga Inugu ko Ilori ya tashi a Sabon Layi yana jin Hausa kamar jakin Kano, ɗan gida ne, haka ma wanda muka ɗauko yana ɗan shekara 15 daga Gusau. A fara da renon, yawan 'yan gida zai zo da kansa.

Amurkawa suna da wata tsohuwar gardama: a ɗauki wanda ya fi kowa iyawa a cikin waɗanda suka rage, ko a ɗauki wanda zai toshe gurbin da ake da giɓi? Magoya bayan ƙwallon kwando ba su manta 1984 ba, lokacin da Houston ta ɗauki ɗanmu Hakeem Olajuwon a farko, Portland kuma da ke biye ta tsallake Michael Jordan ta ɗauki dogon mutum don shi take ganin tana bukata. A wurinmu amsar ta rabu biyu, kuma rabuwar tana da sauƙi. Yaro ƙarami da za a rena, a ɗauki mafi iyawa ko da muna da uku a gurbinsa, domin kafin ya nuna, biyu daga cikin ukun sun tafi. Giɓin da ake bukatar toshewa yau, shi ne wurin gogagge.

Nan ne za mu ba masu cewa da tsohuwar zuma ake magani haƙƙinsu. Gasarmu ba wurin wasan yara ba ce. Tafiyar kwana biyu a mota zuwa Uyo ko Fatakwal, fili mai gargada, 'yan kallo a wuya, alƙalanci sai addu'a. Yara goma sha ɗaya 'yan shekara 18 za su narke kafin rabin kaka. Dole a samu ƙashin baya: mai tsaron gida, 'yan baya na tsakiya biyu, mai riƙe tsakiya, da mutum guda da ya san hanyar raga. Mun ga abin da Rabi'u Ali ya zame wa Kano Pillars shekara da shekaru. Sai dai a lura, darajar Rabi'u ta zo ne daga zamansa wuri ɗaya har ya zama uban ɗaki ga na ƙasa da shi. Gogaggu biyar ko shida da za a riƙe shekara uku daban suke da gogaggu ashirin da za a canza kowace damina.

Kuma kada a ɗora wa koci laifin da ba nasa ba. Mutumin da ya san in ya faɗi wasa huɗu a jere za a ba shi wa'adin wasa biyu, mahaukaci ne zai sa yaro ɗan shekara 17 a fili. Zai nemi wanda zai cece shi ranar Lahadi mai zuwa, ko da gwiwarsa saura wata shida ta ƙare. Shi ya sa a yawancin ƙungiyoyin NFL akwai babban manaja da ke da alhakin zaɓen 'yan wasa, koci kuma ya horar da waɗanda aka ba shi, ya ba da shawara. Katsina United tana bukatar irin wannan kujera, mutum guda mai wa'adin shekara huɗu a rubuce, wanda ba ya tafiya in koci ya tafi, ba ya tafiya in an canza kwamishina. In ba haka ba, duk sabon koci zai share allo ya fara daga alif.

Ga wanda yake ganin wannan tatsuniyar Turawa ce, ya dubi Remo Stars. Tare muka hau babbar gasa da su, mu da su muka fara kakar 2017. Su suka faɗi a shekarar, suka dawo, suka sake faɗuwa a 2019. Maimakon mai ƙungiyar, Kunle Soname, ya shiga kasuwa da buhun kuɗi, sai ya gina fili da masauki da makarantar yara ta Beyond Limits a Ikenne. Suka dawo a 2021, suka zo na uku, suka zo na biyu sau biyu a jere, suka ɗauki kofin gasar a 2025, kuma na biyun nan sau biyu da kofin duk da koci ɗaya ne, Daniel Ogunmodede. Za a ce ai shi ɗan kasuwa ne, kuɗinsa ne. To wannan ai hujja ce a kanmu. Wanda kuɗin ke fita daga aljihunsa ya zaɓi reno. Sai masu kashe kuɗin da ba nasu ba ne suke son jajibiri.

Akwai kuma kuɗin da muke bari a ƙasa saboda rashin takarda. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana da kashi 5 na wannan kaso, daga 16 zuwa 23 kowace tana da kashi 10. Mu yi lissafi da Sadiq Umar ɗan Kaduna, wanda Real Sociedad ta saya daga Almeria a 2022 a kan kusan Yuro miliyan 20. Kason masu reno a irin wannan ciniki Yuro miliyan 1 ne. Ƙungiyar da ta riƙe yaro irinsa shekara uku daga 16 zuwa 18 za ta karɓi Yuro 300,000 tana zaune, kuma in an sake sayar da shi ta sake karɓa. Sharaɗin guda ne: sunan yaron ya kasance a rajistar hukumar ƙwallo a ƙarƙashin ƙungiyar a waɗannan shekaru. Arewa ba ta rasa irin waɗannan yara ba. Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010. Zaidu Sanusi daga Jega ya fito ya kai Porto. Shehu Abdullahi daga Sakkwato. Babu wani dalili na jini ko na ƙasa da zai sa Katsina ta kasa fitar da nata, sai dai in sun fito wani ne daga Legas ko Abuja zai riga mu rubuta sunansu.

Amma duk wannan gini yana rushewa in shekarun ƙarya ne. Katsina garin dawaki ce tun zamanin Sarki Dikko da ya kawo mana folo, kuma babu mai sayen doki a garin nan da zai biya kuɗi bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba. Mu kuwa sai mai gemu ya aske ya ce shekararsa 17 mu ce Allah ya raya. A 2016 gwajin na'urar duba ƙashin wuyan hannu ya zubar da yara 26 daga sansanin 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya, ana dab da wasa da Nijar. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, na ƙarshe shekara ɗaya kafin nan, maƙwabtanmu suka fitar da ita tun a wasan share fage. Ƙungiyar da ta rena ɗan shekara 24 a matsayin ɗan 17 ta yi shekara uku tana jiran tsiron da ya riga ya gama tsawo. A nan ma ɗan gida ya fi sauƙin tantancewa: akwai makarantar firamaren da ya yi, akwai rajistar shigarsa, akwai mai unguwa, akwai sa'o'insa da aka yi musu kaciya tare. Wanda ya je da babur zai iya tambaya. Wanda ya zauna a ofis sai abin da takardar rantsuwa ta gaya masa.

Abin da muke nema daga hukumar Katsina United da ma'aikatar wasanni ba ya bukatar ƙarin kasafi. Kafin a buga wasan farko na kowace kaka, a liƙa jerin 'yan wasan da aka ɗauka a shafin ƙungiyar na Facebook da ƙofar filin wasa: sunan kowa, shekarunsa, ƙungiyar da ya fito, tsawon kwantiraginsa, da ko an biya kuɗin sayensa. A ƙarshen kaka a sake liƙa jerin, a ƙara da mintunan da kowa ya buga. A faɗa mana yara nawa 'yan ƙasa da shekara 20 aka ba kwantiragin shekara uku, da nawa aka ɗauko daga gasannin cikin jiha. In an sayar da ɗan wasa, a faɗi nawa, a faɗi asusun da kuɗin ya shiga. 'Yan majalisar jiha da ke kwamitin wasanni suna da ikon neman waɗannan takardu in an zo kare kasafi, kuma kowannensu yana da mazaɓar da ake buga ƙwallo a cikinta.